Zaɓen Na'urar Tace Ruwa Domin Ɗakin Ƙyanƙyasar Tarwaɗa

Gabatarwa

Kiwon tarwaɗa ya zauna da gindinsa a Keffi da garuruwan da ke bin hanyar Abuja, irin su Masaka da Mararaba, saboda kasuwa tana kusa. Tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ce ta raba Keffi da Abuja, inda masu gasa kifi da 'yan kasuwar Kado ba sa gajiya da saye. Wannan ya sa manoma da dama suka wuce matakin sayen 'ya'yan kifi, suka shiga ƙyanƙyasa da kansu. A nan ne kuma yawanci ake fara kuka da ruwa. Ƙwai ya yi fari ya ruɓe, ko a ƙyanƙyashe lafiya amma kafin kwana biyar jariran su ƙare, alhali manyan kifi suna nan garau a cikin ruwan rijiya guda.

Idan hakan ta faru da kai, malam manomi, ba za ka rasa mai ba ka shawarar sayen na'urar nan da masu ruwan leda suke amfani da ita ba, wadda 'yan kasuwa suke kira RO. Na'ura ce mai kyau a inda ta dace, amma tana da tsada, tana cin lantarki, tana zubar da ruwa mai yawa, kuma tana iya mayar da ruwan da yake da gyara ya zama wanda ƙwan kifi ba zai rayu a ciki ba. Wannan darasi zai nuna maka, kai da malamin gonar da yake ba ka shawara, yadda za ku gane ko ana bukatarta, da yadda za a zaɓe ta idan bukatar ta tabbata.

Yadda na'urar take aiki

Ka taɓa lura da abin da yake faruwa idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa? Ba a jimawa sai ka ga ruwa ya tsattsafo. Ɗabi'ar ruwa ke nan: yana ratsa siririn tantani daga gefen da gishiri ya yi kaɗan zuwa gefen da ya yi yawa. Abin da na'urar RO take yi shi ne juya wannan tafiya. Famfo mai ƙarfi yana matsa ruwan mai gishiri a jikin wani tantani na roba da aka naɗe kamar tabarma a cikin bututu, sai tsantsar ruwa ya ratsa, gishiri da sauran ma'adanai su tsaya, ragowar ruwan ya kwashe su ya fita ta wata kafa. Saboda haka kowace na'ura tana da bakin shiga ɗaya da bakin fita biyu, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na ruwan zubarwa. Sabon tantani mai kyau yana tare kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari na abin da ya narke a ruwa.

Wasu masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su ne suka fara samar da tantanin da ya yi aiki sosai, a wata jami'a ta Kalifoniya a Amurka, wajen shekarar 1960. Manufarsu ita ce mayar da ruwan gishiri na sha. Alhazanmu da suka buɗe famfo a Jidda ko Makka sun yi amfani da ruwan Bahar Maliya da aka cire wa gishiri, wani ɓangarensa ta wannan hanya.

Akwai kuma masu ajiye kifin teku da murjani a cikin akwatin gilashi domin ado, a Turai da Amurka da wasu manyan gidaje da otal-otal na Legas da Abuja. Su kam ba su da makawa sai da RO. Murjani dabba ce mai tsananin laushi, ɗan burbushin tagulla yana kashe ta, sinadarin fosfet kuma yana sa gansakuka ta rufe ta. Don haka sukan tace ruwa har sai mitar awo ta nuna sifiri, su ƙara masa wani kwanso na musamman mai tsince abin da ya tsere wa tantanin, sannan su zuba gishirin teku na kanti kimanin giram 35 a kowace lita. Wato suna kwashe komai ne domin su mayar da abin da suke so da hannunsu. Yawancin bayanan da za ka gani a intanet game da RO da kifi, waɗannan mutane ne suka rubuta su domin junansu. Tarwaɗa kuwa kifin kogi ce da tabki, bukatarta daban.

Ruwan Keffi da ruwan Keana

Kafin maganar na'ura, ka fara sanin ƙasar da rijiyarka take ciki, domin Jihar Nasarawa ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Keffi da kewayenta suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, dangin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Irin wannan dutse ba ya saurin narkewa, don haka ruwan burtsatsen da ake samu a cikinsa galibi ma'adanansa kaɗan ne, yana kumfa da sabulu nan da nan, kuma yakan ɗan karkata wajen tsami. Matsalar mai irin wannan ruwa ƙarancin ma'adanai ce. In ya sa masa RO, ya ƙara kwashe ɗan abin da ya rage, tamkar mai ba maras jini maganin rage jini.

Idan ka gangara kudu maso gabashin jihar, wajen Keana da Awe da Azara, labari ya canja. Can ƙasa ce ta kwarin Binuwai, wadda teku ya taɓa kwanciya a kanta a zamanin da, kuma har yau akwai maɓuɓɓugan ruwan gishiri da matan Keana da Awe suka gaji dafawa tun kaka da kakanni. Rijiyar da ta taɓo irin wannan ruwa tana iya yin zartsi ƙwarai. A can ne maganar RO take da ma'ana. Ko a can ma, a tuna cewa tarwaɗa tana jure ɗan gishiri. Giram ɗaya ko biyu a lita ba ya hana ta girma, shi ya sa ma ake yi mata wankan gishiri idan ta ji rauni.

Wannan bayani na gaba ɗaya ne. Rijiyoyi biyu a unguwa guda suna iya bambanta, musamman idan ɗaya tana kusa da masai ko juji ko tsohon ramin haƙar ma'adanai. Awo ne kawai yake raba gardama.

Awon ruwa

Ka kunna famfon rijiyar ya yi aiki kamar minti goma, ka ɗauraye kwalbar roba mai tsabta sau uku da ruwan, ka cika ta har baki kada ka bar iska, ka rufe, ka kai ɗakin gwaji a ranar. Ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Nasarawa zai iya nuna maka wurin da ya fi kusa. Akwai sassan kimiyya a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja ga mai neman shawara kan kifin kansa. A yi awon sau biyu, ɗaya a ƙarshen rani wajen watan Maris, ɗaya a tsakiyar damina wajen Agusta, domin ruwan ƙasa yana sauyawa da lokaci.

Abin da za ka duba a takardar sakamako bai da yawa. Ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH, ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5. Taurin ruwa, wato yawan kalsiyam da magniziyam, kada ya gaza miligiram 20 a lita, an fi so ya kai 50 zuwa 150. Ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, in ya yi ƙasa da haka ya fi. Sai jimlar abin da ya narke a ruwa, wanda ake rubutawa TDS. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya da aka fitar a 2007 ta tsayar da wannan a miligiram 500 a lita, kuma ruwan da bai wuce haka ba babu dalilin sa masa RO domin kifi, sai fa in an ga dalma ko wani ƙarfe mai guba a cikinsa. Idan gonarka tana kusa da wurin haƙar ma'adanai, ka nemi a auna waɗannan musamman, domin ba a cika sa su cikin awon yau da kullum ba.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin kuɗi. Na farko, ka ɗebo ruwa daga bakin rijiya cikin farin bokiti ka bar shi ya kwana. Idan da safe ka tarar ya yi ja-ja ko ya ajiye laka mai kalar tsatsa, akwai ƙarfe. Na biyu ya fi kowanne gaskiya: ka samo jariran tarwaɗa kamar arba'in daga wanda ƙyanƙyasarsa take tafiya lafiya, tare da jarkar ruwansa. Ka raba su biyu, rabi a ruwansa, rabi a naka, a wuri guda da ciyarwa iri ɗaya, ka ƙirga waɗanda suka rage bayan kwana uku. In duka biyun sun rayu daidai, to ka daina zargin ruwa, ka koma ka duba iyayen kifin da tsabtar kayan aiki da sanyin dare.

Gyaran da ba ya bukatar tantani

Ruwan burtsatse yana fitowa ne daga inda babu iska. Iskar oksijin kaɗan ce a cikinsa, iskar kabon kuwa ta yi yawa, ita ce ma take jawo wani ɓangare na tsamin. Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Jariranta ba su da wannan gaɓa a makwannin farko, sun dogara ne kacokan a kan iskar cikin ruwa, wadda ake so ta kai miligiram 5 a lita. Wannan shi ne amsar tambayar da manoma suka fi yi, wato me ya sa manya suke lafiya ƙanana suna mutuwa. Na'urar RO ba ta tare iska kowace iri, ba ta kuma ƙara oksijin. Iskar kabon tana ratsa tantanin kai tsaye, har tataccen ruwan yakan fi na asali tsami.

Maganin wannan shi ne ba ruwa iska. Kada ka tura ruwa daga rijiya kai tsaye zuwa kwanon ƙwai. Ka sa ya faɗo daga sama ta cikin kwanduna uku ko huɗu da aka jera bisa juna, ya tarwatse kamar yayyafi, ya sauka a buɗaɗɗen tanki ya yi kwana ɗaya ko biyu. Wannan aiki guda yana korar iskar kabon da warin ruɓaɓɓen ƙwai da wasu rijiyoyi suke da shi, yana shigar da oksijin, yana kuma mayar da narkakken ƙarfe tsatsa ta kwanta a ƙasa. Gara ta kwanta a tanki da ta kwanta a kan ƙwai da wurin numfashin jarirai. Ka ɗora bakin fitar ruwa kamar taƙi ɗaya sama da gindin tankin, sannan ka bi da ruwan ta cikin durom mai tsakuwa da wankakken yashi.

Idan tsami da rashin tauri ne matsalar, kamar yadda aka fi gani a ƙasar Keffi, ka sayi ɓawon kawa irin wanda ake zuba wa kajin ƙwai, ko fasasshen dutsen farar ƙasa, ka wanke sosai, ka cika rabin durom da shi, ruwa ya riƙa bi ta ciki a hankali. Yana narkewa ne gwargwadon tsamin ruwan, don haka da wuya ya wuce kima. Yana da kyau a sa ɓawon a cikin kwandunan ba da iskar ma, domin ƙarfe ba ya saurin kwanciya a ruwa mai tsami. Mai amfani da ruwan famfon hukuma kuwa, abokin gabarsa kulorin ne, kuma kwana biyu a buɗaɗɗen tanki ko matatar gawayi ta wadatar.

Lissafin da za a yi kafin saye

A ce awo ya nuna rijiyarka tana da gishiri fiye da kima, kuma babu wani ruwan da za ka samu. Kafin ka je kasuwa, ka fara duba ko tara ruwan sama daga rufin kwano a babban tanki zai ishe ka, tunda damina a wannan yanki takan kai daga Afrilu zuwa Oktoba. In bai isa ba, sai lissafi.

Ƙananan na'urorin gida ana rubuta ƙarfinsu da galan a rana. Wadda aka rubuta wa 75 GPD tana ba da galan 75 na Amurka, wato kimanin lita 284, a cikin awa 24 ba tsayawa. Yanzu ka ɗauka kana da kwanonin ƙyanƙyasa huɗu, kowanne ruwa yana gudana ta cikinsa lita 2 a minti. Lita 8 ke nan a minti, 480 a awa, 11,520 a rana. Sai ka jera irin waccan na'ura fiye da arba'in kafin ka cike wannan bukata. Ga shi kuma kowace lita ɗaya da take tacewa tana zubar da uku ko huɗu. Na'urar gida ta ɗakin girki ce da mai akwatin gilashi ɗaya, kada mai shago ya ruɗe ka da arharta.

Abin da zai yi maka aiki shi ne irin ta masu ruwan leda, mai ba da lita 250 ko 500 ko 1,000 a awa, mai ɗauke da tantanin da ake kira 4040, wato mai faɗin inci 4 da tsawon inci 40. Irin wannan takan tace kimanin rabin abin da ta sha, don haka mai ba da lita 500 tana bukatar rijiyar da za ta iya ba ta lita 1,000 a awa. Ka tabbata rijiyarka tana da wannan ƙarfi a watan Maris, ba a Agusta kaɗai ba. Ka kuma sani cewa adadin da aka rubuta a jikin na'ura an auna shi ne a zafin digiri 25. Kowane digiri ɗaya da ruwa ya sauka, abin da take bayarwa yana raguwa da kusan kashi 3 cikin ɗari, sai ka ga ta yi nawa da hunturu idan ruwan ya kwana a tanki.

Matsi shi ne ran na'urar. Ta gida tana aiki da bar 3 zuwa 6, ruwa mai zartsi yana neman bar 10 zuwa 20, ruwan teku kuwa sai an kai 55 ko fiye. Gwargwadon gishiri, gwargwadon ƙarfin famfo da kuɗin mai. Ka kai wa mai sayarwa takardar awonka ya zaɓi famfo da tantani a kanta. Wanda ya yanka maka farashi bai tambayi awon ruwa ba, ka nemi wani. Ka lissafa kuɗin janareta ko sola na awannin da za ta yi aiki, ka raba da yawan 'ya'yan kifin da kake sa ran sayarwa. Sau da yawa wannan lissafi kaɗai yana nuna cewa sayen 'ya'yan kifi daga Keffi ko Lafiya ya fi ƙyanƙyasa a wurin da ruwa bai yarda ba.

Hanyar rage nauyin ita ce gauraya. Ba ka bukatar duk ruwanka ya bi ta tantani, kuma tsantsar tataccen ruwa illa ne ga ƙwai, domin yana tsotsarsa ya kumbura ya fashe, jarirai kuma gishirin jikinsu ya riƙa zurarewa. Misali, rijiya mai TDS 3,000 da na'ura take saukarwa zuwa 60: in ka haɗa kashi ɗaya na ruwan rijiya da kashi biyar na tatacce, za ka samu kimanin 550. Ka bi da gaurayen ta durom ɗin ɓawon kawa, ka ba shi iska, sannan ya tafi wurin ƙwai. Banda ruwan da aka samu dalma ko wata guba a ciki. Shi ba a gauraya shi, sai dai a tace duka a mayar da ma'adanai da ɓawo.

Abin dubawa a jikin na'ura

Tantani ne mafi tsada a cikin kayan da suke ƙarewa, kuma duk sauran sassan tsaronsa suke yi. Dole a sami matatar yashi da kwanson tare laka mai lamba 5 a gabansa. Ruwa mai ƙarfe sai an ba shi iska an tace shi tukuna, in ba haka ba tsatsa za ta toshe tantanin cikin 'yan watanni. Kulorin yana cinye tantanin zamani, don haka matatar gawayi wajibi ce ga mai ruwan famfo, da wanda yake wanke tankinsa da bilic. Ruwa mai tauri ƙwarai yana bukatar maganin hana daskarewar farar ƙasa, wanda ƙaramin famfo yake ɗigawa.

Ka nemi na'ura mai agogon matsi kafin tantani da bayansa, da ma'aunin gudun ruwa a bakunan fita biyu, da abin kashe famfo idan ruwa ya yanke. Sunayen tantanin da aka sani a kasuwa sun haɗa da FilmTec da Toray da Hydranautics da Vontron. Akwai jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, saboda haka ka karɓi naka a rufe cikin ledarsa, da lambarsa a jiki. Ka zaɓi girman da masu ruwan leda na garinku suke amfani da shi, domin wanda suke saye shi ne ba ya yankewa a shago, kuma makanikensu shi ne zai zama naka.

Ka mallaki 'yar mitar TDS mai kama da alƙalami, ka riƙa auna ruwan shiga da tataccen duk mako kana rubutawa. Ka cire na biyu daga na farko, ka raba da na farko, ka ninka da ɗari. In ruwan shiga 400 ne, tatacce 12, tantanin yana tare kashi 97. Ranar da tataccen ya hau 60, ya sauko kashi 85 ke nan, lokacin wanki ko canji ya yi. Kwanson laka ana canja shi duk wata uku zuwa shida, ko da zarar ya yi duhu. Tantanin da aka kula da shi yakan kai shekara biyu zuwa uku, wani lokaci fiye.

Yawancin masu ƙyanƙyasa sukan huta da tsananin hunturu, a nan ne kuma ake asarar tantani. Idan ya bushe ya lalace, idan aka bar shi da ruwa a tsaye ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki. Ko dai a riƙa kunna na'urar rabin awa duk bayan kwana biyu, ko a cika ta da ruwan maganin adanawa da masu sayar da ita suke da shi, a ɗauraye sosai kafin a koma aiki.

Ruwan zubarwa da ruwan atemiya

Ka tanadi inda ruwan zubarwa zai tafi tun kafin a kafa na'ura. Mai tace rabi tana ninka gishirin ragowar, don haka rijiya mai 3,000 za ta riƙa fitar da ruwa mai kusan 6,000. Idan ka sake shi a fadama ko lambun alayyafo, cikin 'yan shekaru ƙasar za ta yi fari ta daina ba da amfani, in kuma gonar maƙwabci ya gangara, ga rigima. A haƙa masa faffaɗan rami maras zurfi, a shimfiɗa leda, nesa da rijiya, rana ta ƙafar da shi.

Wuri ɗaya ne mai ƙyanƙyasar tarwaɗa yake haɗa ruwan teku da hannunsa kamar mai murjani, shi ne wajen ƙyanƙyashe atemiya, ƙananan halittun nan da ake sayen ƙwansu a gwangwani a ciyar da jarirai daga kwana na uku, bayan sun shanye gwaiduwarsu. Ana zuba gishiri maras aidin giram 25 zuwa 30 a kowace lita, a sa injin hura iska, a ajiye a wuri mai ɗumi da haske, cikin awa 24 ko ɗan fiye su fashe. Lita biyar ko goma ake bukata a rana, kuma ruwan tankinka da ya sha iska ya isa. A tace atemiyar da siririn ƙyalle, a ɗauraye ta da ruwan daɗi kafin a zuba wa jarirai, ruwan gishirin kuma a kai shi ramin zubarwa.